Baba Ya Yi Wa Mataccen Alƙali Jawabi

Vermont, 3 ga Maris, 1809

Zuwa ga Yayana Asahel,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a can Ohio, kai da matarka Huldah da yara. Mu nan ƙanƙara ta fara narkewa, Goggo Keziah ma ta tashi daga ciwon ƙirjin nan, mun gode Allah.

Yaya, ba zan yi ta kewaye-kewaye ba, hankalin Baba yana gushewa. Shekara guda ke nan ina rufa asiri, ni ke rubuta takardun shari'a, shi sa hannu kawai yake yi. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Makon jiya a ƙaramar kotu, kan rigimar shingen gona, ya miƙe ya yi ta yi wa Alƙali Pomeroy jawabi, mutumin da aka binne shekara goma sha biyu da suka wuce. Baban da ya yi shekara talatin yana bin alƙalai gari-gari a kan doki, ya zauna majalisar jiha sau shida, shi 'yan kallo ke toshe baki suna yi wa dariya. Ina zaune a bencin baya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Obadiah maƙeri, abokinka na ƙuruciya. Ana tuhumarsa da kashe mai injin niƙa, babbar kotu za ta zauna goma ga Mayu, kuma in aka kayar da shi igiyar rataya ce. Baba ne lauyansa. Na karanta shaidun har na haddace, na san tambayar da za ta tona ƙaryar babban mai shaidar, amma mace ba ta tsayawa gaban alƙali. Sauran lauyoyin garin biyu, ɗaya shi ke gabatar da ƙarar, ɗaya surukin mamacin ne. Na je gidan yari na lallashi Obadiah ya nemi wani daga waje, ya yi dariya ya ce Babanmu, Lauya Whitlock, shi ne ya ƙwato wa ubansa gona, ba zai damƙa wuyansa ga baƙo ba. Wallahi bakina ya kasa faɗa masa gaskiya.

Ban manta yadda ka bar gidan nan ba. Ka tsaya wa jam'iyyar adawa, Baba ya ce kada ka sake taka ƙofarsa, kai kuma da taurin kai irin nasa ka yi shekara bakwai ko gaisuwa babu. Amma shi ya koya maka aikin nan, kuma lasisinka na nan jihar bai mutu ba. Jiya muna karin kumallo ya ture takardun, ya ce, "Na gaji, Tabitha. Ki ce wa Asahel ya sauko, shi zai tsaya." Ya ɗauka kana ɗakinka na sama. Ya manta faɗan ƙaf, kai kaɗai ka rage kana riƙe da shi.

Ka gaishe mini da Huldah da Enos da 'yar jaririya Zilpah. Goggo Keziah tana gaishe ku. Takardar nan za ta yi mako uku a hanya, kai kuma huɗu, don Allah kada ka tsaya ba ni amsa, ka ɗaura sirdi. Na riga na ce wa Baba kana saukowa.

Ƙanwarka mai jiranka,
Tabitha Whitlock