Koren Fenti a Bakin Famfon Abba

Dhaka, 9 ga Janairu

Zuwa ga yayata Hosna Apa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki uwar surutu. Ya sanyin ƙasar Jodan, ya aikin ɗinki? Ina gaida abokan ɗakinki bakwai ɗin nan masu kasa kunne duk sanda na kira. Na bi shawararki, zan riƙa rubutawa a takarda in ɗauki hoto in turo miki, ki karanta abinki a ɓoye.

Albishirinki! An amince da binciken da zan kammala digirina na biyu da shi. Kin sha tsokanata wai wace irin jinya ce wannan ba gado ba allura. To, mu ba ma jiran mara lafiya ya zo, mu muke bin sa har gida mu ga me yake ci, me yake sha. Zan shiga gida ɗari biyu da arba'in a ƙauyuka shida, har da namu Golapdi. A kowane gida zan auna ruwan famfon tuƙa-tuƙa in ga ko akwai gubar arsenik, sannan in duba tafin hannu da na ƙafar mutanen gidan, domin a nan take fara nunawa.

Kin tuna ranar da masu gwaji suka zo garinmu da gwangwanin fenti biyu, ja na guba, kore na lafiya? Ina 'yar shekara tara. Da suka shafa wa bakin famfonmu kore, Abba ya sayo alewa ya raba wa unguwa kamar an yi masa haihuwa. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ruwan tafki ya kashe masa ɗansa Mizan da kwalara, ya haƙa famfo don kada a sake, dole ya yi rawar jiki. Allah ya ji ƙansu su biyun.

Malamar da ke duba aikina, Firdausi Madam, mace ce mai tsauri. Ta ce mini, "Dilruba, gidanku da na danginki ba sa ciki. Mai bincike ba ta auna uwarta, zuciyarta za ta sa hannu a sakamakon." Na ce, "Madam, namu ai kore ne tun ban san kaina ba." Na fito ina jin kaina wata babbar masaniya.

Na je gida makon jiya. 'Yarki Tuli ta yi famfara, tana dariya da giɓi. Uwarmu Ammu na nan lafiya, sai ɗan tari da wani miki a diddige, ta ce ƙayar kifi ta taka. Na ce in gani, ta ce in bari sai an biya ni. Kin san halinta.

Kin ce tafin hannunki ya yi kaushi saboda yadi. Ki riƙa shafa man kwakwa, ki daina rowa da kanki.

Ki huta lafiya.
Taki har kullum,
Dilruba

Chandpur, 20 ga Maris

Hosna Apa,

Bayan sallama, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Mu ma muna nan lafiya, sai zafi da ya fara. Ki yi haƙuri da shirun, wata biyu ke nan ina yawo da akwatin gwaji, takalmina ɗaya har ya yi baki.

Mutanen garinmu ba su canja ba. Tsohuwar nan Moyna Khala ta miƙo mini hannu ta ce, "Ke 'yar Motaleb, ashe duba kika je karantowa a Dhaka? To duba mini, zan ƙara aure ko shi ke nan?" Na yi dariya, amma hannun nata cike yake da ƙuraje masu tauri kamar an zuba tsakuwa a ƙarƙashin fata. Na rubuta ta a matsayin gida na casa'in da biyu. Haka aikin yake, Apa, mutumin da ya goya ki sai ya koma lamba.

Wani abu ya daɗe yana ɗaure mini kai. Sai in tarar da famfo kore shar, in auna, takardar gwaji ta rine ta koma kalar shayi, wato guba ce zalla. Na ɗauka kayan aikina ne suka lalace. Sai a gida na ɗari da sittin da uku wani dattijo ya warware mini. Ya ce, "Ai tsohon ramin ya ƙafe, 'yata, muka haƙa sabo can gaba. Kan famfon kuwa ƙarfe ne mai kyau, wa zai yar? Muka ɗora shi a sabon." Kin gane? Fentin yana jikin ƙarfe, gubar kuwa tana cikin ƙasa. Ƙarfen ya tashi da korensa ya koma kan ramin da ba a taɓa aunawa ba, mutane suna kallon kore suna sha hankali kwance. Na koma baya ina tambaya, na sami gida talatin da ɗaya haka.

Firdausi Madam da ba ta iya yabo ba, da na faɗa mata a waya cewa ta yi, "Wannan shi ne kundinki gaba ɗaya." Na yi murna, ba zan ɓoye miki ba. Har na fara hango sunana a takarda.

A masaukin asibitin gunduma nake kwana, amma duk ranar da aiki ya kai ni Golapdi nakan biya gida. Ammu takan tuƙo mini ruwa a kofin silbar nan na Abba, in shanye, in ajiye akwatina a gindin famfon in ci shinkafa da kifin ilish. Jiya ina cikin sha idona ya kai gindin mangwaro, na ga wani tsohon daɓen siminti da kaji ke kwanciya a kai. Sai na ajiye kofin ban shanye ba.

Apa, kin girme ni da shekara shida, kin fi ni tunawa. Famfonmu da a gindin mangwaro yake, yanzu yana bayan kicin. Yaushe Abba ya matsar da shi, kafin masu fenti su zo ko bayansu? Ina jin tsoron tambayar Ammu. Ni a raina kafin ne. Don Allah ki amsa mini da wuri.

Ƙanwarki,
Dilruba

Golapdi, 29 ga Maris

Apa,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina lafiya. Ki karanta wannan a zaune, kuma ba a wurin aiki ba.

Na ga amsarki: bayansu ne, shekarar babbar ambaliya, da yashi ya cike tsohon ramin. Ina karantawa na tuna komai, har shayin da na kai wa masu haƙa. Duk da haka kwana huɗu na yi ban auna ba. Ina ce wa kaina takardun gwaji a ƙirge suke, Madam ta ce ban da gidanmu. Ƙarya nake. Tsoro ne kawai, na samu doka na laɓe a bayanta.

Ranar Juma'a da hantsi na auna. Minti ashirin ake jira, amma kafin goma takardar ta fi shayi duhu. A gida ɗari biyu da goma da na shiga, uku ne kawai suka kai namu muni.

Ammu na zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Na durƙusa na ce ta ba ni hannunta. Kin san yadda kullum take naɗe shi a gefen sari, zanen nan da take yafawa, mu muna cewa kunya ce irin ta mutanen da. Wannan karon ba ta yi gardama ba. Apa, da a gidan wani na ga hannun nan, da tun a bakin ƙofa na rubuta a kai shi asibiti. Mikin diddigen kuwa ba ƙayar kifi ba ce, ya ci ya zurma, shekara biyu tana ɗaure shi da tsumma. Na ce mata me ya sa ba ta nuna mini ba. Ta ce, "Na ga kin duba hannun kowa a garin nan, har matar mai aski. Na ce wataƙila nawa ba na karatu ba ne." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ta yi.

Na ɗauko jan fenti. Kin san wa ya shafa koren da ke kai? Ni ce. Shekarar da na gama makarantar jinya na ga ya koɗe, na sabunta shi don gida ya yi kyau ranar Idi. Da na fara shafa jan, Ammu ta ce, "A hankali, Dilu, ubanki ne ya ɗora shi da hannunsa." Ta shige ɗaki, ranar ba ta ci abinci ba. Ni kuma tun lokacin nake tunanin tarin da ya tafi da Abba, wanda muka ɗora wa taba.

Na san abin da kike son ji. Na tuɓe Tuli na duba ta daga kai har ƙafa a cikin rana, fatarta lafiya lau. Amma shekara takwas take sha, tun da mijinki ya rasu kika dawo gida da ita a goye, kuma wannan guba ba ta gaggawa. Na yanki gashinta da farcenta na aika a auna. Yanzu daga famfo mai zurfi na makaranta muke ɗebo ruwa, na cire hannun famfonmu na ɓoye a ƙarƙashin gado.

Kin bar mini 'yarki da uwarmu kika tafi ɗinka wa wasu riguna, kina cewa ai akwai nas a gida. Ki yafe mini in za ki iya. Gobe zan hau jirgin ruwa da Ammu zuwa Dhaka.

Dilruba

Golapdi, 14 ga Nuwamba

Yayata Hosna Apa,

Assalamu alaikum. Ya haƙurinmu? Allah ya ji ƙan Ammu, ya sa ta huta, ya ba ki juriyar rashin ganin gawarta. Yau kwana arba'in, an yi addu'a, baƙi sun watse. A waya kuka kawai muke yi, shi ya sa na ɗauko biro.

Kin san likitoci sun ce ciwon daji ne, ya riga ya kai huhu, mu dawo da ita gida. Akwai abin da ban faɗa miki ba. Kwana biyu kafin ta cika ta daina karɓar ruwa. In na kawo na makaranta sai ta kau da kai ta ce, "Wannan ba shi da ɗanɗano, Dilu. Ba ni na ubanki." Na tsaya ina kallonta. Ni da na yi wata bakwai ina bi gida-gida ina roƙon mutane ko ɗigo kada su sha, na jawo hannun famfon daga ƙarƙashin gado na ɗaura, na tuƙo mata a kofin silba. Ta sha rabi, ta lumshe ido ta ce, "Yauwa." Tuli na tsaye ta ce ita ma a ba ta. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba, ta fashe da kuka, Ammu ta ce, "Ki ji maganar ƙanwar uwarki, ita ta yi karatu." Har yau ban san ko yabo na ta yi ba.

Na kare kundina a watan Agusta. An tafa mini. Wani farfesa ya tambaye ni yadda aka yi na gano maganar matsar da kan famfo, na ba shi labarin dattijon gida na ɗari da sittin da uku. Gida ɗari biyu da arba'in ne a kundin, cif, namu ba ya ciki. Firdausi Madam ta zo ta'aziyya har nan, ta daɗe tsaye gaban famfon. Ta ce daga bana duk ɗalibarta za ta fara auna gidansu kafin ta taɓa na kowa, ko da ba za a rubuta ba. Ban ji haushinta ba, ba ita ta hana ni kallon hannun uwata ba. Digirin yana cikin akwati, ban ko buɗe ambulan ɗin ba.

An sami gubar a gashin Tuli, amma likita ya ce tun da an yanke ruwan da wuri akwai kyakkyawan fata. Kullum da safe nakan buɗe tafin hannunta, har ta saba, da ta farka take miƙo mini. Nawa ma ina dubawa, makarantar kwana da na yi ce ta rage mini shan ruwan. Na karɓi aiki a nan gunduma, ba zan koma Dhaka ba.

Saura ke, Apa. Ke kika fi mu duka daɗewa a bayan kicin ɗin nan in ban da Ammu. A watan Janairu kin ce mini hannunki ya yi kaushi, ni da karatuna na ce ki shafa man kwakwa. Tun Maris nake roƙonki hoto. Sau ɗaya kin turo fuskarki kina dariya, sau ɗaya kin turo hannu cike da lalle, sau ɗaya kin ce wayar ce ba ta ɗauka da kyau. Na san wannan wasan, shekara biyu aka yi mini shi da gefen sari.

Ki wanke hannunki, ki fita cikin rana, ki buɗe tafin duka biyun ki sa a ɗauka. Ba don kundi ba ne, ba lamba zan sa miki ba. Ni dai ba zan sake wuce gidanmu ba.

Tuli na gaishe ki, ta ce haƙorinta ya fito. Ina jiran hoton.

Ƙanwarki,
Dilu