Ruwan Sashen Yaya

Umma,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Ki yafe mini shirun da na yi, aiki ne ya sha mini kai.

Hukumar kula da muhalli ta ba masaƙarmu wata uku mu gyara ruwan da muke zubarwa a kogi, in ba haka ba su janye mana izini, mutum ɗari shida su koma gida. Gwajin nasu ba wuya: ƙananan kifaye goma ake sakawa cikin ruwan a akwatin gilashi, a jira kwana huɗu. Namu ko kwana biyu ba sa kaiwa. Ni nake tsame su da cokali kowace safiya, har cin kifi ya fita raina.

Na zuba farar ƙasa, na tace da gawayi, na sa an ƙara iska a tafkunan tacewa. Ruwan ya yi haske kamar a sha, amma kifin bai yarda ba. Yaya yana leƙo ni daga sashensu na rini, yana tsokanata wai ya sha wahalar karatuna don in zama mai kiwon kifi. Shi da iyalinsa duk lafiya.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Auta

Umma,

Ina gaishe ki, ina fatan ƙafar ta yi dama. Wannan takardar sau uku ina fara ta.

Na bi magudanun masana'antar ɗaya bayan ɗaya da kwalabe, na gwada kowacce daban. Duk kifin ya rayu, sai a ruwan magudana ɗaya: ta sashen Yaya. Sinadarin da ke kama launi a jikin yadi shi ne gubar. Na maimaita gwajin sau huɗu ina roƙon Allah ya sa kuskurena ne.

Shi na fara gaya wa kafin kowa. Na same shi tsaye kan tukunyar rini, na miƙa masa takardar. Ya karanta har ƙarshe, ya tambaye ni ko akwai wani sinadarin da zai maye gurbinsa. Na ce akwai, amma injinansu tsofaffi ne, ba za su ɗauke shi ba, sababbi kuwa ba za su iso kafin wa'adi ba. Ya ce in ba shi mako guda. Na ba shi. Ya gwada duk dabarar da shekara ashirin da shida suka koya masa, ya rage awo, ya sauya zafin ruwa. Launi ya zuba, kifi ya mutu.

Jiya na kai wa manaja rahoto. Sun yanke shawarar rufe sashen, su riƙa kai rini wani kamfani. Mutum arba'in da uku ne, Umma, har da Yaya, wanda ya kai ni makaranta a bayan kekensa, ya kuma nema mini wannan aikin. Da sa hannuna a ƙasan takardar.

Auta

Umma,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki. Na ji saƙonki, amma don Allah kada ki kira Yaya ki yi masa faɗa, bai yi mini komai ba.

Kifi goma sun cika kwana huɗu da ransu. An sabunta izini, manaja ya yaba mini a gaban jama'a, aka yi ta tafi. Na koma ɗakin gwaji na rufe ƙofa.

Ranar ƙarshe Yaya bai bar kowa ya wanke tukwanen ba, shi ya wanke su, ya ɗaure famfon da hannunsa. Da zai fita ya tsaya a ƙofata ya ce, "Aikinki kika yi, Auta. Da kin ɓoye, da kin ba ni kunya." Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Tun ranar bai tako gidana ba. In na je nasa, matarsa ta ce ya fita, ta kawo mini ruwa, mu zauna muna kallon bango.

Shekaranjiya ina cikin motar ma'aikata muka wuce ƙofar wata masana'anta da ke ɗaukar leburori. Layi har bakin titi, yawancinsu sa'o'in ɗan Yaya na fari. Can tsakiya na hango furfurarsa. Ya sa rigarsa mai kyau, ya rungume takardunsa a ƙirji. Motarmu ta tsaya a cunkoso daidai inda yake. Ya gane motar, na ga ya juya ya fuskanci katanga.

Direba ya tambaya ko akwai mai sauka. Na sunkuyar da kai don kada ya san na gan shi. Ban sauka ba, Umma, kuma har yanzu ban san ko na kyauta ba.

Ki gaida kowa, ki kula da ƙafar.

'Yarki,
Auta