Damina Uku Ba Shekara Uku Ba Ce

Zuwa ga babban likita mai kula da asibitocin yara na ƙasarmu,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa. Ni manomin albasa ne a Danchadi. Ban yi boko ba, kuma ban jin kunyar hakan. Telan da ke maƙwabtaka da ni shina rubutawa, amma bakina ne, kuma na hana shi sassauta ko kalma ɗaya.

Na farko. Jikanyata Hajo ta kamu da zazzaɓin sauro, munka kai ta wani asibiti a wajen Bodinga. Anka tambaye ni shekarunta, na ce damina uku ta gani. Haka muke ƙirga, haka ubana ya ƙirga ni. An haife ta ana yankan gero, ga damina ɗaya ke nan. A lissafinku shekara biyu ce da 'yan kwanaki. Mai farin kaya bai ɗaga kai ba. Ya rubuta shekara uku, ya ce ƙwaya biyu safe da yamma. Yarinya ta sha, ta amayar, ta langaɓe kamar ganyen albasa da rana.

Na biyu. Uwarta ta ɗauke ta sai Shagari, wurin danginta. A asibitin can ba wanda ya tambayi shekaru. Bisa sikeli sunka aza ta, sunka ce ƙwaya ɗaya ce rabonta. Can anka ce a goge mata jiki da ruwan ɗumi. Nan kuwa ruwan randa anka ce. Da na bi su can, wata ma'aikaciya, sa'ar ɗiyata ta ƙarshe, ta yi mini faɗa gaban surukaina, wai tsoho ya so kashe jika da jahilci. Yanzu sun hana a maido ta gidana.

Ranka shi daɗe, jahilcin wa? Kwanon awon gero na kasuwar Bodinga shi ne na Shagari. Wanda ya zo da nasa daban, sarkin kasuwa shi kore shi. Mi ya sa gero ya fi ɗan mutum gata? Ciwo ɗaya, yarinya ɗaya, littafi biyu!

Ban neman a kori kowa. Ku zauna ku fidda ƙa'ida ɗaya, ku manna ta a kowane bango. In awo ne, a kai sikeli ko'ina. In shekaru ne, ku koya ma yaranku tambayar mutanen ƙauye.

Sai buƙatata ta kaina: takarda mai hatiminka, wadda ta ce na ba da abin da anka ce in ba. Ita za ni kai Shagari a karanta ma surukaina in ɗauko Hajo. Ban roƙonsu, don ban yi laifi ba. Laraba ina ƙofar ofishinka da tabarmata da butata, kuma na saba da zaman tsaron albasa cikin rani.

Allah shi ja zamaninka, shi raya naka jikokin, shi sa kada a taɓa auna su da ido.

Wassalam.

Buba Mai Albasa, Danchadi