Rigar Yaya Yazid Tana Wurina

Jidda, ranar Talata

Zuwa ga ƙanena Attahiru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Binta da yara kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake, aikin gidan ne dai ba ya ƙarewa, amma alhamdu lillahi.

Na ji tsofaffin 'yan ƙwallon Taurarin Damba za su taru su yi wa marigayi Yaya Yazid addu'a, kuma sun nemi rigarsa mai lamba bakwai. Attahiru, rigar tana wurina. Ni na ɗauke ta ranar da zan taho. Da Inna ta gaya mini ka yi wa matarka faɗa, ka ce ita ta yar, shiru na yi. Shekara uku ke nan abin yana cin raina.

Ka san ban taɓa zuwa fili ba, ni dai mai wanki ce. Daga jar ƙasar da ke jikin rigunan nake gane yadda aka tashi. Ranar da suka ci Bungudu biyu, Yaya ya dawo da hannun riga a yage, Zaharaddeen mai tsaron gida yana goye da shi. Ɗinkin da na yi yana nan. In gajiya ta yi yawa, shi nake shafawa.

Maƙwabciyarmu Hajiya Kulu za ta taso jibi, zan ba ta ta kawo. Kada ka miƙa wa 'yan ƙwallon tukuna. Ka fara sa wa Binta a hannu, ka karanta mata takardar nan, ka ce ina roƙon ta yafe mini.

Allah Ya jiƙan Yaya.

Yayarka,
Sa'adiya