Rabin Maganar da Kika Bar Mini, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah ta iske ki inda kike kwance, na zo miki da labarin autarki Saratu, na kuma zo da ƙorafi. Ki yi haƙuri, kin san ni da baki.

Shekara uku ke nan da rasuwarki. Saratu ta auri Bala ɗin nan da kike kora daga ƙofar gida, mai tuƙa keke mai ƙafa uku a unguwar Maitumbi. Ita ta zaɓe shi, kuma yana riƙe ta da mutunci. Tana da shekara sha bakwai ta haifi mace. Ni na ɗauko ta wankan gida nan Tudun Wada, tunda yanzu ni ce uwar.

Duk abin da kika yi mini na yi mata. Ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, yajin jego ma da hannuna na daka. Ranar da za ta koma, tana ɗaure kaya kanta a ƙasa, ta tambaye ni ko ta je asibiti, don malamar jinya ta yi mata zancen tazarar haihuwa. Na ce ba sai ta je ba. Na maimaita mata abin da kika sha faɗa mana: “Mai shayarwa ba ta ɗaukar ciki.”

Jaririya na wata biyar Saratu ta fara laulayi. Yanzu cikin wata shida ne. Ƙafafunta sun kumbura, an ce jininta ya yi ƙasa, ’yar kuma an yaye ta ba shiri.

Da na kai wa ƙanwarki Inna Laraba kukana, dariyar takaici ta yi. Ta ce ke duk haihuwa gidanku kike komawa can wajen ƙauyen Tagwai, shekara biyu cur, Baba yana wurin aikinsa na jirgin ƙasa, sai dai aike. Ashe abin da ya sa tsakaninmu shekara uku-uku ke nan. Ni kuwa da Allah Ya yi ni mai nisan haihuwa, sai na ɗauka maganarki ce ta tabbata.

Na yi kwana biyu ina jin haushinki, ba zan ɓoye ba. Sai na tuna ko sunana ba kya iya kira don ni ce ’yar fari, balle ki buɗe baki ki yi mini zancen miji da mata. Ni fa, da nake ganin idona ya buɗe? Yarinya ta daure ta tambaye ni, na sallame ta da rabin magana, don kawai in huta da zancen.

Jiya na je Maitumbi. Na zaunar da Bala na faɗa masa komai, ina kallon ƙasa, shi ma yana kallon ƙasa. Ya ce ya ɗauka mu manya mun sani. Ya yi alkawarin in ta sauka, da kansa zai kai ta wurin malamar nan.

Saura wata uku, Inna, kuma tsoro nake ji.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe mana ni da ke. Allah Ya sauki Saratu lafiya, Ya bar wa yaranta uwarsu.

Taki har abada,
Binta