Na kunyata malamina a gaban ɗalibai kan rubuta lamba da Turanci

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin a taimaka a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Ni malamin Turanci ne a wata sakandare nan Tambuwal, ban daɗe da kama aiki ba. Akwai wani dattijo a makarantar, mutumin Kebbe, shi ya koya mini Turanci ina yaro, kuma shi ya yi ta zirga-zirga a kan babur ɗinsa har aka ɗauke ni aiki. Shi ke riƙe da 'yan aji shida.

Wata rana ina wucewa ta bakin taga, na ga ya rubuta a allo cewa a insha'in Turanci, lamba daga ɗaya har ɗari da kalmomi ake rubuta ta, wato twenty-five ba 25 ba. Mu kuwa a jami'a abin da aka koya mana shi ne one zuwa nine da kalmomi, daga 10 zuwa sama a rubuta lambar kanta, sai dai in ita ta buɗe jimla. Maimakon in jira shi a ofis, sai na shiga na ce Malam wannan tsohon yayi ne, na karɓi alli na soke abin da ya rubuta. Gaskiya so nake yaran su san na yi digiri. Aji ya fashe da dariya. Malam ya kalli allon, ya ce, "Madalla. Ɗiyanmu sun girma, su ka gyara muna yanzu." Ya fita abinsa.

Tun ranar yara suka laƙaba masa Malam Twenty-five. Magana ta kai kunnen shugaban makaranta, wanda dama yana ganin Malam ya tsufa, ga jarrabawar fita ta matso. Ya tambaye ni, na tabbatar masa kuskure ne, ya karɓe ajin ya ba ni. Na ji daɗi a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Sai kwanan baya muna hira da wani abokina da ke koyarwa a Sakkwato, na ba shi labarin ina taƙama. Ya ce ai duka biyun daidai ne, 'yan jarida sun fi bin tawa, masu buga littafi da yawa suna bin ta Malam, abin da ake so kawai mutum ya riƙe ɗaya har ƙarshen rubutunsa. Na bincika da kaina, haka ne.

Yanzu Malam ya nemi a mai da shi wata makaranta wajen Fakku, wai ya fi kusa da gonarsa, shugaba ya ce sai bayan hutu. Har yau bai canza mini fuska ba, kullum sai ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Na je gidansa da niyyar ba shi haƙuri, ya shimfiɗa mini tabarma, muka ƙare da hirar gero da tsadar taki, na taso ban ba shi haƙurin ba.

Matata ta ce in roƙe shi gafara mu biyu kawai, a bar maganar. Abokina ya ce a gaban yara na zubar masa da mutunci, a gabansu zan mayar masa. Ni kuma tsorona, in na fito na ce ni na yi kuskure yara za su daina yarda da abin da nake koya musu ana dab da jarrabawa, kuma ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, ban san yadda shugaba zai ɗauke ni ba.

Jiya wani ɗalibi ya kira shi da sunan nan a bakin ƙofar makaranta, ina tsaye a wurin. Malam ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai kamar ina duba waya.

Jama'a, in tsaya a gaban aji in faɗi gaskiya, ko in tsaya ga ba shi haƙuri a gida? In kuma ya tafi Fakku ban yi ko ɗaya ba, da wane ido zan sake shiga ajin nan?