Ƙarar Injin Tsoho

Ingila, Yuli 1971

Zuwa ga Yaya Mailafiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya su Ruka? Ruwa ya sauka a Kontagora kuwa?

Ni lafiya lau, karatun kanikanci yana tafiya. Sai dai tsohon Baturen da nake zaune a gidansa, wanda na ce maka ya haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa, ya ɓace. Tare muka daidaita injin har ya daina tari. Farfela biyu ya sassaƙa da katako, ya zaɓi gajeriyar, ya ce ta fi dacewa da injin. Ranar Lahadi ya tashi da jirgin ya nufi teku, har yau ba a ga ko guntun katako ba.

Kada ka damu, ina cin abinci. Amma da la'asar nakan ji ƙarar injin nan can sama. Na san muryarsa, Yaya, da kunnena na gyara shi. In na fita, babu komai sai gajimare.

Don Allah ka je Auna wajen Malam Lukuman ya yi mini addu'a. Kada Inna ta ji. A aiko mini da daddawa in an sami mai zuwa.

Matar tsohon kullum takan tambaye ni, "Maikuɗi, ka ji wani abu?" Sai in ce a'a. Jiya ma na ce a'a, amma tare muka ɗaga kai.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Maikuɗi